DUBA-GARIN SHAFUKAN INTANET: Aikin Da Ke Jiran Ikara Da Maƙarfi Da Kudan

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Zazzau tun zamanin En'e ya san abin da ake nufi in an ce ga duba-gari nan tafe. Kafin ya iso zaure mata sun zubar da ruwan tsohuwar randa, yara sun share tsakar gida, maigida kuwa ya leƙa bayan gida ya tabbata an rufe bakin masai. Duba-gari ba ya ba da magani, ba ya yi wa kowa allura. Abin da ke gare shi shi ne ido da ɗan littafi. In ya ga kwata ta toshe ya rubuta, in ya ga 'ya'yan sauro cikin tulu ya rubuta, sa'an nan ya ce zai komo ran kaza. Tsoron komowar nan tasa ce ta tsare gidaje da yawa daga ciwon da ba su san sun tsallake ba.

Abin da ya tuna mana da shi yau shi ne wani irin sabon gida da hukumomi da makarantu suke ginawa, wanda ba a ganin katangarsa balle a san ko ta tsage, watau shafin intanet. An san ƙasashen Ikara da Maƙarfi da Kudan da noman rake da mazarƙwaila da tumatir da barkono da masara, har da inabin Kudan da ya yi suna a 'yan shekarun nan, saboda haka wani zai ce ina ruwan manomi da maganar kwamfuta. Amma ɗan manomin nan na Gimi ko Likoro ko Paki ba shi da hanyar neman babbar makaranta sai ta intanet, domin tun daga 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta. Mai neman shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Maƙarfi, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Alhaji Shehu Idris, da mai neman aikin gwamnati, da mai biyan haraji, da manomin da aka ce ya yi rajista kafin a ba shi taki, duk sai sun cika takarda a wani shafi. A nan suke zuba sunansu da ranar haihuwa da hoto da lambar ɗan ƙasa ta NIN, wani lokaci har da lambar BVN da ta katin banki. Mafi yawansu kuma ba a gida suke yi ba, a shagon mai kwamfuta suke yi, inda mutum goma ke amfani da na'ura ɗaya da layi ɗaya.

To, wa ke duba waɗannan gidaje? Akwai duba-garinsu, kuma kyauta yake aiki. Abin da ya rage shi ne a san shi, a kuma sa masa ranar zagaye.

Mene Ne Kanun Tsaro?

In aka yi wa babbar mota lodin rake a Maƙarfi za ta Kano ko Legas, direba yakan riƙe takardar da ke faɗin abin da aka ɗora, da wanda ya aiko, da wanda za a sauke wa. Mai sayen kara ɗaya a bakin titi bai taɓa ganin takardar nan ba, amma da ita ake aiki a hanya. Haka shafin intanet yake. In mutum ya buga adireshi, manhajar da yake buɗe shafuka da ita, watau burauza irin su Chrome da Firefox, takan aika da tambaya zuwa ga babbar kwamfutar da ke ajiye da shafin, wadda ma'aikatan fannin ke kira saba, wasu kuma su ce uwar garke. Sabar takan amsa da abu biyu. Na biyu shi ne rubutu da hotunan da ido ke gani. Na farko kuwa wasu 'yan layuka ne da ke zuwa a kan saƙon, waɗanda mai karatu ba ya gani, su ne kanun saƙo. A cikinsu akwai waɗanda aikinsu shi ne ba burauza umurnin abin da za ta yarda da shi da abin da za ta ƙi. Su muke kira kanun tsaro a wannan bayani.

Abin lura shi ne burauza ɗan aike ne mai saurin yarda. In ba a gindaya mata sharaɗi ba, duk wanda ya ce mata daga maigida yake sai ta karɓi saƙonsa ta aikata. Masu ƙera ta sun sa mata hanyoyin kariya da dama, amma da yawa daga cikinsu a kulle suke, ba sa aiki sai mai shafi ya ce a buɗe su. Layi ɗaya cikin kanu shi ne mabuɗin. Shafin da bai aiko da layin ba ya bar kariyar da aka riga aka ba shi kyauta.

Na farko da ya kamata a sani shi ne wanda ake rubutawa Strict-Transport-Security, a taƙaice HSTS. Mai karatu ya san ɗan kwaɗon nan ko alamar da ke fitowa kusa da adireshi, wadda ke nuna cewa maganar da ke tsakanin wayarsa da saba a rufe take, na tsakiya ba ya iya karantawa. Matsalar ita ce mutane ba sa rubuta cikakken adireshi, sunan shafin kawai suke bugawa, kuma a da burauza takan fara ƙwanƙwasa ƙofar da ba ta da kwaɗo kafin a tura ta zuwa mai kwaɗo. Cikin 2009 wani masani mai suna Moxie Marlinspike ya nuna a wani taro a Amurka yadda wanda ya tsaya a tsakiya, alal misali mai riƙe da layin da kowa ke ɗora wayarsa a kai, zai tare mutum a wannan ɗan taki, ya riƙa miƙa masa shafin ba kwaɗo yana karanta duk abin da ya rubuta. Maganin da aka fito da shi, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa cikin watan Nuwamba 2012, shi ne shafi ya gaya wa burauza cewa daga yau har tsawon lokaci kaza kada ta ƙara zuwa masa sai ta ƙofa mai kwaɗo. Da daƙiƙa ake ƙidaya lokacin, shi ya sa za a ga an rubuta 31536000, watau shekara guda. Burauzocin yanzu sun rage wannan haɗari da kansu, amma ba kowace waya da ke aljihun mutanenmu ke ɗauke da sabuwar burauza ba.

Na biyu, X-Frame-Options, kamfanin Microsoft ne ya fito da shi cikin 2009, domin maganin wata dabara da aka bayyana a 2008. Ɓarawo yakan ɗauko shafin gaskiya ya sa shi cikin nasa shafin, ya mai da shi kamar gilashi yadda ba a ganinsa, sa'an nan ya zana wani abin sha'awa a ƙarƙashi. Mutum na zaton ya danna wurin karɓar kyautar data, ashe ya danna maɓallin amincewa a shafin da yake da asusu. In saba ta ce kada a sa ni cikin shafin kowa, dabarar ta mutu.

Na uku gajere ne, X-Content-Type-Options, kuma kalma ɗaya ake ba shi, nosniff. Amfaninsa ya fi fitowa a shafukan makarantu, inda ake cewa kowane ɗalibi ya ɗora hoton fasfo. Wani yakan ɗora mugun rubutu ya laƙaba masa sunan hoto ko takarda. Wannan kai yana gaya wa burauza ta tsaya ga abin da saba ta ce abu yake, kada ta yi shinshine ta ce ai wannan ya yi kama da umurni, bari in aikata. Akwai kuma Referrer-Policy, mai hana adireshin shafin da mutum ya fito, wanda wani lokaci lambar ɗalibi ke maƙale a jikinsa, bin sa zuwa shafin wasu, da Permissions-Policy, mai hana a taɓa kyamara da makirufo da wurin da mutum yake ba gaira ba dalili.

Babbansu duka, kuma mai wuyar sha'ani, shi ne Content-Security-Policy, a taƙaice CSP. Kafin a bayyana shi ya kamata a ji abin da ya auku a wata ƙasa.

Abin Da Ya Faru A Ingila

Ran 11 ga watan Fabrairu 2018 aka gano cewa shafuka fiye da 4,000, galibinsu na hukumomin gwamnati a Ingila da Amurka da wasu ƙasashe, suna sa kwamfutocin masu ziyartarsu haƙar wani kuɗin intanet mai suna Monero domin amfanin wasu ɓarayi. Abin ban mamaki, babu ɗaya daga cikin shafukan da aka fasa. Dukansu suna aro wata 'yar manhaja mai suna Browsealoud, wadda ke karanta wa makafi da masu raunin gani rubutun shafi, daga wurin kamfanin da ya yi ta. Ɓarayin suka gurɓata ta tun daga tushe, ita kuwa ta shiga ko'ina da sunan baƙuwar da aka sani. Cikin waɗanda abin ya shafa har da ofishin da ke kula da kare bayanan jama'a na ƙasar Ingila kansa, wanda ya rufe shafinsa na ɗan lokaci. Wani masanin tsaro Bature mai suna Scott Helme na cikin waɗanda suka fara kwarmata zancen.

Cikin wannan shekara dai, tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Satumba, aka cusa wa shafin kamfanin jiragen sama na British Airways wasu 'yan layukan umurni, waɗanda ke kwafe lambar katin duk mai sayen tikiti su aika da ita wani adireshi na ɓarayi mai kama da na kamfanin. Abin ya shafi mutum fiye da 400,000, kuma cikin watan Oktoba 2020 aka ci kamfanin tarar fam miliyan 20.

A duk wurare biyu burauzar mai ziyara ce ta yi aikin ɓarnar da hannunta, domin ba wanda ya gaya mata kada ta yi. Aikin CSP ke nan. Jerin sunaye ne da mai shafi ke ba burauza: daga wurare kaza kaɗai za ki karɓi umurni, zuwa wurare kaza kaɗai za ki aika da bayani, duk wanda ba ya cikin jerin nan ki ƙi shi ko da a cikin gidana kika same shi. Da jerin ya yi tsauri, ko an gurɓata manhajar aro zai yi wuya ta iya jawo abokiyar ɓarnarta daga waje, kuma zai yi wuya ta sami ƙofar fitar da abin da ta sata. Ba a ce yana toshe kowace kafa ba, amma yana mai da sata mai sauƙi ta zama mai wahala.

A nan gida Nijeriya ma ba baƙon abu ba ne a taɓa shafin hukuma. Ran 28 ga watan Maris 2015, ranar zaɓen shugaban ƙasa, wasu sun shiga shafin hukumar zaɓe ta INEC sun sauya fuskarsa na ɗan lokaci. Wannan wata irin cuta ce dabam, wadda kanun tsaro ba su ne maganinta ba. Mun kawo ta ne domin a san cewa masu neman tsagar bango ba sa tambayar ko gidan na babban birni ne ko na ƙauye. Na'ura suke saki ta bi adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana, ba ta san Abuja ba balle Hunƙuyi.

Yadda Ake Kafa Awon

Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar a girka kome. Shi Scott Helme da muka ambata ya buɗe wani shafi, securityheaders.com, inda ake rubuta adireshi a danna, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya fito da sakamako daga A+ zuwa F, kamar na jarrabawa, tare da nuna kanun da ke nan da kore, waɗanda babu da ja. Akwai wani ɗan akwati a wurin da ake dannawa domin a ɓoye sakamakon. Ya kamata ma'aikacin hukuma ya tuna da shi, in ba haka ba sunan shafinsa na iya fitowa cikin jerin waɗanda aka auna kwanan nan, kowa ya gani.

Na biyu shi ne Observatory na ƙungiyar Mozilla, masu Firefox, wanda wata injiniya mai suna April King ta ƙera cikin 2016, aka kuma sabunta shi aka mai da shi ƙarƙashin shafin MDN cikin 2024. Lokacin da aka fara gwada shi a kan shafuka fiye da miliyan guda, sama da kashi 90 cikin 100 sun faɗi. Saboda haka wanda ya auna nasa ya ga ja kada ya ɗora hannu a ka, manya ma daga nan suka taso. Lissafinsa a fili yake. Kowane shafi yakan fara da maki 100. Rashin CSP ya ci 25, rashin HSTS ya ci 20, rashin kariya daga sa shafi cikin wani ya ci 20, rashin nosniff ya ci 5. A ce wata makaranta tana da kwaɗonta lafiya lau amma ba ta aiko da ko ɗaya daga cikin huɗun nan ba, sai ta tashi da maki 30, watau D. In ta ƙara biyun nan masu sauƙi, kowanne layi ɗaya, ta koma 55. In ta ƙara HSTS ta kai 75. Duk wannan aikin yini ɗaya bai cika ba. Sauran 25 ɗin su ne ke cin makonni.

Amma auna sau ɗaya ba duba-gari ba ne, ziyarar baƙo ce. Abin da ya dace ofishi ya yi shi ne ya kafa nasa awon, mai zagayawa da kansa. Kayan aikin da ake bukata ƙalilan ne. Akwai wata tsohuwar manhaja mai suna curl, wadda wani mutumin ƙasar Suwidin, Daniel Stenberg, ke kula da ita tun 1998, kuma tana zuwa a cikin Windows na yanzu da Linux da Mac. In aka rubuta curl -I aka bi shi da adireshi, sai ta zubo kanun saƙo tsirara, ba hoto ba ado. In aka ƙara -L sai ta bi shafin duk inda ya tura ta, a ga kanun kowane zango. Datar da take ci ba ta kai ta buɗe hoto ɗaya ba, abin da ke da muhimmanci a wurin da layi ke zuwa yana ɗaukewa.

Daga nan ma'aikaci zai rubuta jerin adireshin da ofishinsa ke da alhakinsu cikin fayil guda, ya rubuta jerin kanun da ake so cikin wani, sa'an nan ya yi ɗan gajeren umurni mai bin na farko ɗaya bayan ɗaya yana gwada shi da na biyu, yana rubuta abin da ya samu tare da kwanan wata. Kowace kwamfuta tana da agogon da ake ɗora wa aiki, cron a Linux, Task Scheduler a Windows, sai a ce masa kowace Litinin da safe. Wanda ke son cikakken maki irin na Mozilla yana iya girka manhajar tasu a kwamfutar ofis, domin a buɗe take kuma kyauta ce, tana tafiya bisa Node.js. Amfanin yin haka shi ne ana iya auna shafin gwaji wanda ba a riga an sake shi ga jama'a ba. Ɗalibin da ya gama difloma a fannin kwamfuta zai iya wannan duka. Sabar ma ba sai tana Ikara ba, kuma galibi ba a nan irinsu suke ba, suna Legas ko Abuja ko ƙasashen waje. Awon daga nesa ake yin sa.

A ra'ayin wannan wakili, jerin adireshin nan shi ne rabin aikin. Kada a tsaya ga shafin farko mai hoton shugaba da jawabin maraba, domin ba a nan ake zuba asiri ba. A sa shafin shiga da kalmar sirri, da na biyan kuɗi, da na ɗora hoto, da kowane reshe mai nasa adireshi, domin sau da yawa ɗan kwangila dabam ne ya gina kowanne. A kuma sa wani adireshi da aka san babu shi, domin a ga ko shafin da ke cewa ba a samu ba shi ma yana ɗauke da kanun.

Inda Ake Tuntuɓe

Dalilin wannan na ƙarshe shi ne wani hali na manhajar saba mai suna nginx. In aka ce ta ƙara kai ba a bi shi da kalmar always ba, ba za ta sa shi a shafukan kuskure ba. Tana da wani halin kuma da ya sha kayar da gwanaye: in aka jera kanu biyar a sama domin gida duka, sa'an nan aka ƙara guda ɗaya tak a wani ɗaki, sai ɗakin nan ya zubar da biyar na sama ya riƙe nasa kaɗai. Ba za ta yi gargaɗi ba, shafi kuma zai buɗe lafiya. Awon mako-mako ne kaɗai ke kama irin wannan. Masu amfani da Apache, wadda ita ce aka fi samu a hayar saba mai araha, a fayil ɗin .htaccess suke rubuta nasu, kuma su ma akwai always ɗinsu.

HSTS kuwa wuƙa ce mai kaifi biyu. Da zarar burauza ta karɓi umurnin shekara guda, ba ta da sauran sassauci. In takardar shaidar kwaɗon shafin ta ƙare ba a sabunta ba, ba za ta ba mutum damar cewa na ji na gani a bar ni in wuce ba, rufe ƙofa za ta yi ruf. A ce haka ta faru ana saura kwana biyu a rufe rajistar ɗalibai, kowa ya san irin cincirindon da za a yi a bakin ofishin rajistara. Saboda haka masana ke cewa a fara da daƙiƙa 300, watau minti biyar, in ba a ji kuka ba a koma mako guda, sa'an nan wata guda, kafin a kai shekara. Kada kuma a yi gaggawar haɗawa da rassan adireshi sai an tabbata kowannensu yana da kwaɗo. Maganar sabunta takardar ma sai ƙara matsowa take yi. Ƙungiyar Let's Encrypt, wadda ta soma ba da takardun kyauta ga kowa a ƙarshen 2015, da wa'adin kwana 90 ta fara, kuma cikin watan Afrilu 2025 masu ba da takardun da masu burauza suka amince a riƙa rage wa'adin kowace takarda mataki-mataki har ya koma kwana 47 cikin 2029. Wanda ke sabuntawa da hannu in ya tuna, lokacinsa ya wuce. Sai a ɗora wa na'ura, a kuma sa awon ya riƙa faɗin kwanakin da suka rage.

CSP ya fi duka saurin karya shafi. In aka rubuta jerin aka manta da kamfanin da ke karɓar kuɗi, maɓallin biya sai ya mutu. Shi ya sa aka yi masa ɗan'uwa mai Report-Only a ƙarshen sunansa, wanda ba ya hana kome, rahoto kawai yake bayarwa na abin da da an hana. A bar shi ya yi makonni, har a ratsa lokacin rajista ko na biyan kuɗi, a gyara jerin, sa'an nan a ɗaure. Akwai masu neman maki da ke rubuta unsafe-inline ko su sa alamar tauraro mai nufin kowa da kowa, domin dai a ce akwai CSP. Wannan kamar a sa ƙyaure ne a bar shi ba sakata. Haka kuma a yi hattara da tsofaffin shawarwari da ke yawo: kan nan X-XSS-Protection ya daina aiki a Chrome tun 2019, saka shi ba ya ƙara kome. Gara a yi amfani da lokacin wajen cire layukan da ke tallar sunan manhajar saba da lambar zubinta, waɗanda ke gaya wa ɓarawo irin mabuɗin da zai zo da shi.

Doka Da Kwangila

Wannan ba maganar ganin dama ba ce kaɗai. Cikin watan Yuni 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane, hukuma ce ko makaranta ko kamfani, nauyin ɗaukar matakan tsaron da suka dace, ta kuma ce in aka yi ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, ta ƙanana kuwa Naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Dokar ba ta ambaci kanun tsaro da suna ba. Amma ranar da aka zo bincike, ofishin da ya fito da littafin awonsa na kowane mako da abin da ya gyara ba zai zama ɗaya da wanda ya ce ɗan kwangila ne ya san wannan ba.

Akwai kuma iyaka ga mai awon kansa. Karanta kanun shafi daidai yake da ziyartarsa, domin abin da saba ke miƙa wa kowa ne. Gwada kalmomin sirri ko cusa wa shafi umurni domin a ga ko zai faɗi wani abu ne dabam, kuma Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba izini. Matashin da ya koyi wannan aiki yana son ya gwada gwanintarsa a shafin ƙaramar hukumarsu, ya tsaya a zaure. In zai wuce ciki ya nemi izini a rubuce.

Inda ya fi kamata Ciyamomi da Kansiloli da shugabannin makarantu su sa ido shi ne takardar kwangila. Ran 11 ga watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma duk inda kuɗi ya ƙaru masu tallar gina shafi ba sa nisa. Al'adar da aka saba ita ce a biya, a yi bikin buɗewa, a watse. Ba laifi a rubuta cikin sharuɗɗa cewa ba za a biya kason ƙarshe ba sai shafin ya sami B ko fiye a awon Mozilla, a gaban ma'aikacin hukuma, cewa adireshin na .gov.ng ne wanda hukumar NITDA ke bayarwa ko .edu.ng in makaranta ce, kuma da sunan hukumar aka yi rajistarsa ba da sunan ɗan kwangila ba. Shugaban da bai san kwamfuta ba ma yana iya karanta A da F.

Sai dai kada a ɗauki A+ a matsayin laya. Duba-gari na iya samun gida tsaf alhali maigida na fama da ciwon da ba a gani daga tsakar gida. Awon kanu ba ya ganin kalmar sirrin da aka rubuta a jikin bango, ba ya ganin tsohuwar manhajar WordPress da aka shekara ba a sabunta ba, ba ya ganin akawun da ke kwafe sunayen ɗalibai yana sayarwa. Shafin ƙarya da 'yan damfara suka gina da sunan ɗaukar ma'aikata shi ma yana iya samun kwaɗo, yana iya samun A+, domin awon ba ya tambayar gidan na wane ne. Kuma masu awo na waje ba sa wuce ƙofar shiga, abin da ke bayan kalmar sirri sai na cikin gida ya duba shi da kayan binciken da ke cikin burauzarsa.

Abin da awon ke yi shi ne faɗin abin da ya canja tsakanin wannan Litinin da waccan. Shafuka sukan lalace ne ranar da aka koma wata sabar, ko aka sabunta manhaja, ko ɗan kwangila ya taɓa wani abu da dare bai gaya wa kowa ba. Saboda haka rahoton kada ya tsaya cikin kwamfuta. A sa ya riƙa zuwa wa mutum biyu, mai gyara da wanda ke sama da shi, a kuma buga shi a takarda a sa cikin fayil, a rubuta sunan wanda zai karɓa in aka yi wa na farko canjin wurin aiki daga Ikara zuwa Kaduna.